Mushe a Gwiwar Hamma

A Nijar duk wanda ya riƙe alli a lakwal, wato makarantar boko, mushe ake ce masa. Bafaranshe ya bar mana monsieur, bakinmu ya tauna shi ya tofar da mushe, sai ga shi ya faɗa daidai kan sunan dabbar da ta mutu ba yanka. Na daɗe ina koyarwa a Tasawa, na amsa sunan nan a kasuwa, na amsa shi a tasha, har a bakin surukaina, ban taɓa jin zafinsa ba sai shekarar da aka yi wa yayana aiki a gwiwa.

Mu Fulani ne, rugarmu na can wajen Hawandawaki, inda in mota ta bar kwalta sai a yi ta addu'a kada rairayi ya riƙe ta. Ni aka jefa lakwal don ba ni da amfani a bayan shanu, na cika kallon tsuntsaye maruƙa na shiga gonar mutane. Yayana, wanda muke ce wa Hamma yadda ake kiran wa a wurinmu, shi ne mutum. Kowace damina, da manoma sun shuka sun rufe ko'ina, shi ke kora garkenmu arewa ta ƙasar Mayahi, ba ya dawowa sai an girbe gero. Tun rasuwar mahaifinmu kuma shi ke jan salla a ruga, shi ke yanka. Duk abin da Hamma yake taƙama da shi a duniya a kan ƙafafunsa yake.

A kasuwar Tasawa abin ya same shi. Ana loda wani bijimi a motar fatake, bijimin ya ga katakon hawa ya ce bai san zance ba, ya juya da ƙarfi. Igiya na hannun Hamma, ƙafarsa kuma ta nutse cikin rairayi. Jiki ya bi sa, ƙafa ta tsaya inda take. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar, ɗas, daga cikin gwiwar.

Aka kai shi wurin mai ɗori a Baudeta. Tsohon ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ƙashi lafiya lau, ya shafe shi da man shanu don kada a ce an zo an koma haka nan. Kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi, amma gwiwa ta zama munafuka. Yana cikin tafiya sai ta zame ta zubar da shi, ba sallama. Damina biyu yana tashi da shanu, ana dawo da shi a amalanke tun ba a yi nisa ba. Na ga Hamma yana kallon ƙurar garkensa daga kan amalanken jaki, wallahi ranar ban ci tuwo ba.

Da hutun lakwal ya zo na ɗauke shi muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Lokotoro, wato likitan da ya duba shi, Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba, don haka ni na zama bakin kowa. Ya ce akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa mai riƙe ƙashin sama da na ƙasa, ita ce ta tsinke, kuma ba ta ɗinkuwa. Sai dai a ciro wata daga bayan cinyarsa, a ninka ta, a huda ƙasusuwan biyu a zura ta, ta tsaya a madadin waccan. Hamma ya ce in dai zai koma bayan shanunsa, ko ta wuyansa ce a cira.

Aiki ya yi kyau. Ranar da za a sallame mu lokotoro ya zaunar da mu, ya dube ni ya ce da faransanci, tun da ni malami ne, in buɗe kunne in kai saƙon nan yadda yake.

Ya ce jijiyar nan da aka dasa, tun da aka raba ta da inda take shan jini, ƙwayoyin halittar da ke cikinta za su mutu. Ba kuskure ba ne, haka abin yake ga kowa. Zarenta ne kawai zai rage, kamar kwarangwal ɗin bukkar da masu ita suka tashi. Daga nan sai sababbin ƙwayoyi da ƙananan hanyoyin jini su taho daga ɓargo da naman da ke kewaye, su shiga, su kwashe matattun, su zauna. Amma kafin su gina sai sun warware na da. A wannan tsakanin, bayan ƴan watanni, jijiyar ta fi kowane lokaci rauni, kuma a daidai lokacin ne ciwo ke ɗaukewa, mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa.

"Ka gaya masa," in ji lokotoro, "ranar da ya ji gwiwar ta yi daɗi, ranar ya fi kamata ya ji tsoronta. Tafiya a hankali, da motsin da aka koya masa. Ba gudu, ba juyi, ba kokawa da dabba, sai shekara ta kusa zagayowa."

Na gaya wa Hamma da Fulatanci, na maimaita da Hausa don kada wata kalma ta zube a hanya. Ya ce ya ji.

Muka koma ruga, jama'a suka cika gindin gawo ana barka da arziki. A cikin masu barkar har da Baffa, ƙanen mahaifinmu. Baffa dillalin shanu ne, mutum ne da zai sayar maka da gurguwar saniya ya rantse rangwaɗa take yi. Ya yi karatun allo a ƙuruciya har ya kai inda ya gaji, amma bakinsa bai taɓa sanin ya gaji ba. Da Hamma ya kwanta jinya, shi ya karɓi jan salla da yanka, kuma kowa ya san mai yanka shi ke da wuya. A ƴan watannin nan Baffa ya ɗanɗana wuyan rago, har kumatunsa sun soma fitowa.

Mutane suka tambayi abin da aka yi a Yamai, ni kuma na faɗa, don ina son kowa ya ji ya taya mu tsare Hamma. Har gobe ban ga inda na faɗi ba daidai ba. Ina cikin bayani Baffa ya ɗaga hannu.

"Tsaya, mushe. Jijiyar nan, an yanke ta daga jikinsa yana da rai?"

Na ce haka ne, Baffa.

"Kuma ka ce ta mutu?"

Na ce ƙwayoyin da ke cikinta ne suke mutuwa, daga baya wasu su shigo.

"Ni ban san ƙwaya ba sai ta hatsi. Ta mutu ko ba ta mutu ba?"

Na ce a yanzu dai ta mutu, amma...

"To, madalla," in ji shi, ya juya wajen jama'a. "Mun samu mushe biyu a gida ɗaya. Ɗaya na riƙe da alli, ɗaya na cikin gwiwa."

Aka kwashe da dariya, har da Hamma. Ni ma na yi yaƙe. Kowane ɗan makiyayi ya san cewa abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye mushe ne. In kura ta fizgi cinyar saniya ta yar, saniyar na tsaye, ba mai ɗaukar naman nan ya kai tukunya. Na ɗauka raha ce ta tsoho, a yi dariya a sha fura a watse. Ashe Baffa ajiya ya yi.

Hamma ya bi dokar lokotoro yadda ban zata ba. Ya yi ta lanƙwasa ƙafa yana miƙewa a kan tabarma, matan ruga na wucewa suna rufe baki da gyale. Ya ajiye sanda biyu ya koma ɗaya, ya ajiye ɗayar. Bayan ƴan watanni ya soma salla a tsaye, yana kai goshi ƙasa kamar kowa. Wata la'asar, ina nan na zo hutun ƙarshen mako, ya yi alwala ya wuce gaba inda ya saba tsayawa. Baffa ya riƙe masa gefen riga.

"Ɗana, ba don ni ba. In da ɓera ya mutu a aljihunka, za ka ja mu salla da shi?"

Hamma ya dubi mutanen da ya yi shekara da shekaru yana ja, kowa ya sami abin kallo a kan yatsun ƙafarsa. Ya dawo sahun baya ya tsaya kusa da ni. Ina jin numfashinsa har aka sallame.

Na koma Tasawa raina a ɓace, na wuce kai tsaye wurin wani babban malami na unguwarmu, wanda littattafansa sun fi shanun Baffa yawa. Na zayyana masa komai. Malam ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce ɗan Adam ba dabba ba ne, ba a kiran naman jikinsa mushe, balle abin da aka ɗauka daga jikinsa aka mayar cikin jikinsa don magani. Ya ce ya ja sallarsa, ya yi yankansa, kuma a gaishe shi da jiki. Na roƙe shi ya maimaita, na ɗauki muryar a salula, wayata ta hannu.

Na kai wa Baffa. Ya kara salular a kunne, ya lumshe ido, ya saurara har ƙarshe kamar mai jin kiɗa. Sannan ya miƙo mini.

"Malami ne, ba shakka. Amma malamin birni ne, nama a tire yake ganinsa. Ya taɓa tarar da saniya kwance cikin daji?"

Kai, jama'a! Mutumin da in ya ja salla kullum surori biyu yake juyawa, shi ne ke auna malamin Tasawa. Amma ruga ba ta bin mai littafi in ga mai bakin da za a kwana da shi a tashi da shi. Kuma Baffa ya zo da hujjar da kowa a wurin ya taɓa gani da idonsa.

"Mu abin da muka sani," in ji shi, "in ka tarar da dabba tana gargara, ka sa wuƙa. In ta harba ƙafa, ko ta kaɗa wutsiya, to da sauran rai, ta halatta. In ba ta motsa ba, a ja ta a kai wa ungulu. Rai motsi ne. In jijiyar nan ta tashi kamar yadda mushe ke faɗi, ta motsa mu gani."

Wani ya ce ai ga Hamma nan yana tafiya ba sanda. Baffa ya ce wannan ƙashi ne ke ɗauke da shi, ko gurgu ma yana zuwa rijiya. Jijiya ba a sanin aikinta sai an kama sa an kayar.

Na ja Hamma bayan garke na yi masa magana kamar zan yi kuka. Na ce ya tuna abin da aka gaya mana, yanzu ne lokacin da abin ke warware, ya ba ta ƴan watanni kawai. Na ce ya bar wa Baffa sallar, ya bar masa wuyan, ya ci har ya shaƙe shi.

"Ƙanena," ya ce, "wallahi tun da aka haife ni gwiwar nan ba ta taɓa yi mini daɗi kamar yanzu ba."

Na ce to wannan shi ne abin tsoron.

"Kai da lokotoronka kun iya zance. In na ji ciwo, ban warke ba. In na ji daɗi, ban warke ba. To yaushe ake warkewa a wurinku?"

Na ce in shekara ta kusa.

"Shekara ina sahun baya? Jiya matata ta yi baƙi, aka kama zakara, aka wuce ni ina zaune aka kai wa Baffa ya yanka. A gidana."

Na dai sa ya yi mini alkawari, ya yi, irin alkawarin da ake yi wa ƙane don ya yi shiru.

Ba a daɗe ba likitocin dabbobi suka zo allura a bakin rijiyarmu. Ranar ba lakwal, ina wurin. Ana kora shanu cikin shinge ɗaya bayan ɗaya, sai wani jan bijimi na garkenmu ya ƙi, ya watsa samari, ya tsaya a fili yana tonon ƙasa. Da an bar shi ya huce, da an sa masa igiya biyu an gama. Baffa ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda har likitocin za su ji.

"Allah sarki! Da can muna da mai kayarwa a gidan nan."

Na ga Hamma ya cire malfarsa ya ajiye a kan bakin rijiya. Na kira shi, na sake kira, na ruga, amma mutum biyu suka tare ni suna cewa in bar namiji ya yi aikinsa. Ya tafi wajen san a hankali yana yi masa magana, ya cafke ƙaho da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a hanci, ya kafa ƙafar nan da aka yi wa aiki, ya murɗa. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Bijimin ya tafi ƙasa gaba ɗaya, ƙura ta tashi, samari suka faɗa kansa, wuri ya ɗauki sowa.

Wannan karon ba wanda ya ji ƙara. Hamma dai bai tashi ba. Ya zauna cikin rairayi ya rungume gwiwar da hannu biyu, sai ga wani ihu ya fito daga bakinsa wanda ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar kasuwar Tasawa an ce bai yi shi ba.

Baffa ya matso, ya leƙa, ya ɗaga hannu sama.

"Allahu akbar! Da rai! Ku shaida, jama'a, da rai. Mushe ba ya jin ciwo."

Abin da na gaya wa Baffa a wurin ba zai rubutu ba. Na fara da Fulatanci, na koma Hausa, da suka ƙare na ƙarasa da faransanci, likitocin dabbobi suka sunkuyar da kai. Ga yayana kwance yana murƙususu, amma sai da dattawa suka bar shi suka kewaye ni, don a wurinmu a karya ƙafar mutum abu ne na ƙaddara, zagin ƙanen uba kuwa abu ne da ba a taɓa ji ba. Kafin a ɗora Hamma a amalanke sai da aka sa na durƙusa na ba Baffa haƙuri. Ya yafe mini a gaban kowa, har da sa mini albarka.

Muka sake hawa kar zuwa Yamai. Lokotoro ya daɗe yana kallon hoton gwiwar da aka ɗauka, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya tambaya yaya aka yi, na gaya masa. Ya cire tabarau ya ce, "Un taureau?" Na ce eh, bijimi. Bai tambayi dalili ba, ni ma ban iya faɗa ba, don ban san yadda ake fassara wannan wauta da kowane harshe ba.

Ya ce dashen ya tsinke, ya tafi da guringuntsin gwiwar. Ya ce da an bar ta, da ta kama, don komai yana tafiya daidai. Yanzu kuwa guntayen da suka rage ba abin da zai sake shiga cikinsu, za su yanƙwane a nan. Ana iya sake aikin, sai dai a ciro jijiya daga ɗaya ƙafar, a sake jiran shekara, kuma ko an yi ba zai yi alkawarin doguwar tafiya ba. Hamma ya ce zai yi tunani.

Da kumburi ya saɓe, ya koma gaban sahu. In zai yi sujada sai ya tura ƙafar gefe, in zai tashi sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. Baffa na bayansa daidai, shi ke fara cewa amin. Lokacin da jijiyar ke shirin rayuwa sun kore shi sun ce mushe ce. Yanzu da ta mutu mutuwar gaske, tana nan kwance a cikin gwiwarsa, ba wanda ya sake ɗaga zancen. Zakaru ma sun dawo hannunsa.

Da ruwan farko ya sauka aka shirya garke, babban ɗan Baffa ne zai kora su arewa. Hamma ya ce zai raka su. Na bi shi, muka tafi a hankali ta burtali, shanun na waiwayensa suna rage tafiya, ɗan Baffa na dukansu ta baya. Ba mu wuce gonakin farko ba gwiwar ta zame, na tare shi, ya zauna a kan wani kututture. Muka yi ta kallo har ƙahonin suka shige cikin sabara.

Na ce masa hutun lakwal ya kusa, mu koma Yamai a gwada na biyun. Na ce wannan karon a gidana na Tasawa zai yi jinya, ba mai ganinsa, ba mai gaya masa komai sai ta kama.

Ya shafa ƙafar mai lafiya tun daga cinya har ƙasa.

"A'a, ƙanena," ya ce. "Ka bar mini wannan. Da ita nake zuwa kewaye ba a riƙe ni ba."